Dokin da Aka Farke wa Ciki

Dokin itacen nan da ke zauren gidanmu na Dogarawa ya sha labari a bakinku. Na ji Rabi tana gaya wa 'ya'yanta wai daga Nijeriya babanku ya sayo shi. Na ji wani cikin jikokina yana rantsuwa wai ɗinkin fatar da ke ƙarƙashin cikinsa, faɗowa dokin ya yi daga kan amalanke ya tsage aka ɗaure. Ban tanka ba, don ba na son kashe wa yaro baki a gaban abokansa. Amma ni kaɗai na rage cikin manyan da aka yi abin a kan idonsu, idanun nawa kuma sun fara yi mini rowa, saboda haka bari in ajiye muku shi a rubuce. Babanku ne ya sassaƙa dokin da hannunsa, shi ne kuma ya farke masa ciki da gangan bayan ya gama ƙawata shi. Sunansa ba zan rubuta ba. Ban taɓa faɗinsa da bakina ba yana raye, ba zan fara da alƙalami ba yanzu da yake kwance. Malam nake ce masa, uwarsa kuwa, wadda duk muke kira Inna, Auta take kiransa har gemunsa ya yi fari.

Daga Tajaye aka kawo ni gidan masassaƙa. Turmi, taɓarya, akushi, ƙota, kujerar mata, duk Malam yana yi, amma turmi ne abin alfaharinsa. Idan ya gama turmi sai ya ajiye shi a tsakar gida, ya ɗora ƙwarya cike da ruwa a bakinsa, ya sa tafin hannu ya ɗan ture shi. In ruwan ya zuba, turmin bai fita kasuwa ba ke nan, zai koma ƙarƙashin gizago ko da mai saye na tsaye a ƙofa. A wurinsa turmi mai rawa abin kunya ne, kuma matan Konni sun san haka, shi ya sa ranar kasuwa nasa ke fara ƙarewa. Duk da haka sana'ar ba ta riƙe gida ita kaɗai, gonarmu ma ba ta taɓa ba mu hatsin da zai kai mu wata kaka ba. Abin da ke cike giɓin shi ne cin rani. Da an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, sai shi da amininsa Arzika su yi kudu inda itace ke da yawa, su yi sassaƙa can, su dawo gab da faɗuwar ruwa da abin da za mu ci har gero ya nuna.

A shekarar da nake ba ku labari sanƙarau ya shigo garuruwanmu. Ɗana Hamidu, wanda kuka sani yau da gemu da garejin gyaran babur a Konni, yana ɗan shekara biyar ko kusa da haka. Allah ya yi da sauran kwanansa, muka dawo da shi daga likita da rai, amma kunnensa bai dawo tare da mu ba. Ba jin kaɗai ya tafi ba, ƙasa ma ta daina tsaya masa. In ya miƙe sai ya yi tangaɗi ya faɗi, in ya kwanta sai ya riƙe tabarma da hannu biyu kamar za a janye ta. Yaron da bakinsa ba ya hutawa da surutu ya koma sai kuka, wani irin kuka mai tsawo wanda shi kansa ba ya ji. Wata safiya na rasa yadda zan yi da shi, ga surfe na jirana, sai na saɓa shi a baya na ɗaure da zane na kama taɓarya. Ban yi nisa da dakan ba na ji ya yi shiru, ya kwantar da ƙirjinsa a bayana ya saki jiki. Inna ta lallaɓo da ludayin fura ta kai masa baki, ya shanye.

Daga ranar haka muka koma. Ba ya cin abinci sai a bayana, ba ya barci sai a bayana, kuma ba tsayuwa kawai ba, sai ina daka. Idan na gama namu sai maƙwabta su miƙo nasu ta kan danga, na zama injin unguwa ba da niyya ba. An gwada shi a bayan 'yar maƙwabtanmu, ya cije ta a kafaɗa. Malam ya goya shi ya yi ta zagaye gida da shi, bai yi shiru ba. Ni dai ƙafafunsa na bugun cinyoyina, bayana na ciwo, amma tunda yana ci na ce da sauƙi. Sai ga shi ina da cikin Rabi. Inna ita ce ungozomar unguwarmu, ba a ɓoye mata irin wannan. Ta kira ni inuwar rumbu ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke A'i, ciki gare ki, kuma kina ɗaure ƙaton mijin nan nawa bisa shi. Goyon ga ya ƙare."

"Inna, in na sauke shi ba shi cin komi."

"Na sani, ni ma ido gare ni. Amma zanen ga da kika ɗaurewa, ba shi kaɗai shika matsewa ba. Na ga mata sun yi ɓari kan abin da bai kai wanga ba."

Na koma bakin turmi na zauna na yi kuka. In na sauke na baya zai bar cin abinci, in na ci gaba da goyo na ciki na cikin haɗari, kuma duk biyun nawa ne. Malam yana zaure yana jin komai. Ranar kasuwar Konni ya loda turame ya tafi kamar kullum. Da ya dawo da la'asar ko ruwa bai sha ba, ya tsuguna a tsakar gida yana zane a ƙasa da yatsa.

"Na ga wani abu yau wajen mai gwanjo," in ji shi. "Doki na na icce, ƙanƙane, an aza ƙahwahunai bisa icce biyu masu lanƙwasa kamar baka. In yaro ya hau, shi yi gaba shi yi baya, ba shi zuwa ko'ina."

Inna ta ce, "Dokin da ba shi zuwa ko'ina, mi za a yi da shi?"

"Shi nika so, Inna. Shi yi mashi rawa kamar bayan A'i."

Na wajen mai gwanjon ƙafa uku gare shi, katakonsa kuma ya ruɓe, ba zai ɗauki ko ɗan akuya ba. Malam ya ce da kansa zai yi. Inna ta ce ita ba za a kafa mata gunki a gida ba tana raye, don haka ya tafi wurin liman ya tambaya. Liman ya saurare shi, ya ce abin wasan yara akwai sauƙi a cikinsa, balle na lalura, ya ƙara da cewa in an gama a kawo ya gani, shi bai taɓa ganin dokin da ba ya cin ciyawa ba. Inna ta ce to, ita dai kada a ajiye shi a gabanta tana salla. Ana cikin haka lokacin tafiya cin rani ya yi, Arzika ya yi sallama da jakarsa a kafaɗa.

"Mai gizago, mota gobe ta. Ka ɗaure kayanka?"

"Bana ba ni zuwa."

"Rumbunka nig gani ko na wani? Hatsin ga ba shi kai ku ko hwarkon damana."

"Na sani."

"To mi za ka tsaya yi?"

"Doki."

Arzika ya juyo ya dube ni. "A'i, mijinki lahiya shike?"

Ni ma tambayar da ke raina ke nan. Bayan ya fita na bi Malam bayan rumbu, na ce masa ya dubi girman Allah ya tafi, ni zan san yadda zan yi. Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yawan yi da rana tsaka.

"In na tahi na dawo da hatsi, wa za ni iske shi ci?"

Arzika bai yi ƙarya ba, kuma ina so ku san wannan tun yanzu, kada ku ɗauka labarin wasa nake ba ku. Hatsinmu ya ƙare tun ba a yi noman fari ba. Daminar nan mun ci tafasa da zogale har bakinmu ya yi kore. Malam, mutumin da ake layi a kan turminsa, ya ɗauki hauya ya shiga ƙwadago a gonakin mutane don a auno masa abin tuwon dare, tamu gonar ciyawa ta ci rabinta. A Konni kuma, da aka ga rani ya wuce bai kawo ko taɓarya ba, wani masassaƙi ya zauna a gurbinsa, masu saye suka saba da shi. Babanku bai sake samun wannan wurin ba har ya bar sana'a. Ban taɓa jin ya ambaci haka da nadama ba, ko sau ɗaya.

Akwai wani gungumen itacen ɗanya da ya daɗe yana bushewa a bayan zaure, wanda ya tanada don akusa. Shi ya mirgino. Gatari ya fara sa wa ya fitar da siffa, sannan gizago. Ni da na yi shekaru ina jin saran gizagonsa na san na turmi, sara ne mai nauyi wanda ya san inda za shi. Wannan kuwa sara ne na mai tambayar hanya, ya yi biyu ya tsaya, ya zagaya, ya yi ɗaya. Gangar jiki ta fito, wuya ya fito. Da ya zo kan kai sai aka sami matsala, domin dokin da Malam ya sani daga nesa ya san shi, jaki ne ke gabansa kullum. Inna ta fito da butarta, ta tsaya, ta karkata kai.

"Auta, wanga jakin wa na? In na gidan Arzika na, ka yi ƙoƙari, har taurin kan ya hito."

Bai yi fushi ba. Ranar kasuwa ya hau mota hannu rabbana ya tafi karar dabbobi ta Konni. Wani da ya gan shi ya gaya mini wai ya sami mai wata tsohuwar goɗiya ya roƙe shi izini, ya tsaya yana shafa kanta da hannu biyu, idanunsa a rufe, daga kunne zuwa muƙamuƙi zuwa hanci, har mai goɗiyar ya fara tsammanin wani sabon salon ciniki ne. Da ya dawo ya rage kunnuwan, ya zurfafa ƙarƙashin muƙamuƙi, ya buɗe ƙofofin hanci, ya ɗan lanƙwasa wuyan. Rannan da na fito na gan shi sai da na ja da baya. Doki ne sosai, da kansa a ɗan sunkuye kamar yana jiran a hau.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne itatuwan nan biyu na ƙasa, waɗanda dokin zai yi rawa a kansu. Ya sassaƙa na farko, ya lanƙwasa su da kyau, ya ɗora dokin, ya tura. Doki ya tsaya ƙyam. Ya sake turawa, ko gezau. Muka kifa shi muka duba, ashe a tsakiyar kowane ɗaya, daidai inda yake taɓa ƙasa, Malam ya share wuri ya daidaita shi sumul ba tare da ya sani ba. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana zaunar da turmi ya ƙi yarda ya saki abu yana rawa. Na yi dariya har na riƙe ciki, Hamidu na bayana yana jin jikina na girgiza, shi ma Malam ya zauna a ƙasa yana dariya yana kallon tafin hannunsa.

"Hannun ga ya hi ni kunya," in ji shi.

Sai ya bar dabarar sassaƙa lanƙwasa, ya tafi neman wadda Allah ya riga ya lanƙwasa. Ya yi ta yawo a fadama har ya sami wani reshen dogon yaro da iska ta karya, mai gantsarewa daidai yadda yake so. Reshe biyu ba sa taɓa yin lanƙwasa iri ɗaya, saboda haka ɗayan nan ya tsaga biyu daga kai har gindi, ya sami tagwaye. Wannan karon da ya zo tsakiya sai ya ajiye gizago, ya ɗauki ɓallin kwalba yana kankarewa a hankali, yana yi yana yi wa hannunsa faɗa. Shi ba kafinta ba ne, ba ya aiki da ƙusa. Yadda ake huda ƙota haka ya yi, ya gasa ƙarfe a wuta ya ƙona ramuka, ya zura ƙafafun dokin, ya buga 'yan turakun itace, sannan ya naɗe kowace gaɓa da ɗanyar fata. Da fatar ta bushe ta matse, ko ƙato ne ya hau ba abin da zai motsa sai abin da aka ce ya motsa.

Na ɗauka an gama, ashe yanzu aka fara. Ya zauna da ƙarfe mai zafi yana yi masa zane irin na bayan ƙwarya, a wuya, a ƙirji, a gefen ciki har ƙasa. Ya sassaƙa sirdi a jikin itacen ya rina shi ja da karan dafi. Ya karɓo gashin wutsiyar saniya wurin mahauta, ya wanke, ya dasa geza tufka bayan tufka, ya yi wutsiya. Bafulatanar da ke kawo mana nono ta ba shi man shanu ya shafe jikin har ya yi sheƙi. Ni kuwa cikina na girma, zane na ƙara matse ni, haƙurina ya ƙare.

"Malam, yaron ga hawa za shi yi, ba aure za ka kai dokin ba."

"Kunne ya tahi, A'i, amma ido na nan. Abin da yar rage mashi, ba ni ba shi na banza."

Na juya na koma bakin turmina. Ranar da aka fito da dokin tsakar gida, Hamidu ya leƙo ta kafaɗata ya ƙura masa ido. Na sauke shi, ya miƙa hannu ya shafa gezar, ya bi zanen wuya da yatsa. Zuciyata ta yi fari. Malam ya ɗaga shi ya ɗora a sirdi, ya riƙe shi ta baya, ya tura dokin a hankali. Dokin ya yi gaba, ya yi baya, sumul, ba ko ƙara, abin gwanin kyau. Sai yaron ya ƙwala ihu, ya saki geza ya miƙo mini hannu biyu. Jirin da yake gudu ne muka ɗora shi a kai. Na mayar da shi baya na kama taɓarya ina daka turmi ba komai a ciki, hawaye na zuba. Malam ya ja dokin ya kai zaure ya rufe da tsohuwar tabarma.

Kwanakin da suka biyo baya bai taɓa gizago ba. Yana zaune a gindin danga yana kallona ina daka, ba ni yake kallo ba, yaron yake kallo. Wata hantsi Hamidu ya yi barci na samu na kwantar da shi, sai ga Malam ya zo da auduga a hannu. Ya cusa a kunnuwansa biyu, ya naɗe kai da rawani.

"Ci gaba da daka," ya ce da ƙarfi, don ba ya jin muryarsa.

"Malam, mi za ka yi?"

Bai ji ni ba. Ya zagaya bayana, ya sunkuya, ya kafa goshinsa tsakanin kafaɗuna, daidai inda ƙirjin yaron ke kwanciya. Kunya ta kama ni kamar in nutse, rana tsaka, danga ba ta da tsawo. Amma na ɗaga taɓarya na sauke. Na sake. Ina cikin yi sai ga Inna ta fito daga ɗaki.

"La'ilaha illallahu! Auta, kai ma goyon kaka so?"

Shi dai bai san tana yi ba. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙe ya zare audugar, fuskarsa ta canza.

"Ba rawar ba ta," in ji shi. "Dukan na. Duk sa'ad da taɓarya tas sauka, shina ji cikin ƙirjinai. Shi kaɗai na abin da shika ji duniya, A'i. Ni ko na ba shi rawa ba duka."

Bai kai ga yin komai a kai ba abin da Inna ke tsoro ya leƙo. Washegari ina sauke tulu na ga jini. Inna ta kwantar da ni a ɗakinta, ta ce ko bakin ƙofa na taka sai ta saɓa mini. Aka raba ni da Hamidu. Ina kwance ina jin kukansa har muryar ta dushe ta koma kamar ta ɗan tsako. Ya ƙi fura, ya ƙi kunu, sai ɗura Inna ke yi masa, rabi ya shiga rabi ya dawo. Ban taɓa jin tsoro irin na waɗannan kwanaki ba. Sai na ji an ja wani abu mai nauyi a tsakar gida, sannan na ji gizago, saran nan mai nauyi na turmi wanda na sani. Inna ta leƙa ta dawo tana tafa hannu.

"Ya kihe dokin, ya hwarke mashi ciki. Duk zanen nan da yay yi wata da watanni shina yi, ga shi can ƙasa cikin ɓawo."

Abin da ya yi shi ne, ya fafe cikin dokin kamar yadda ake fafe turmi, rami mai tsawo daga ƙirji zuwa gindi. Ya ɗauko wata tsohuwar taɓaryata ta ƙirya da ta karye, ya yanke kanta, ya sassaƙa shi ya zama dunƙule mai nauyi, ya jefa a ramin. In doki ya yi gaba, dunƙulen ya gangara ya bugi ƙirji. In ya yi baya, ya gangara ya bugi gindi. Amma Malam bai yarda da kowane irin duka ba, nawa yake so. Ya turo mini ƙwarya ta hannun Inna, ya tsaya daga waje.

"A'i, kihe ta ki buga mani dakanki."

Ina kwance na kifa ƙwarya a gefena ina bugawa da tafin hannu yadda nake sauke taɓarya, shi kuma yana waje yana kaɗa dokin yana saurare.

"Kin cika sauri."

"Dakana ke nan tun ina budurwa, Malam. Dokinka ka jinkiri."

Sai in ji ya ciro dunƙulen, ya cusa guntun itace ya rage tsawon ramin, ya mayar, mu sake. Haka muka yi ta yi, ni a ɗaki shi a waje, har bugun ƙwaryata da bugun cikin dokin suka zama ɗaya, na kasa bambance nawa da nasa. Sannan ya sassaƙa murfi ya toshe ramin, ya huda gefe da gefe ya ɗinke da ɗanyar fata. Bai sake yin zane a wurin ba, babu lokaci. Ɗinkin da kuke gani ke nan.

Jinin ya tsaya, Inna ta yarda in fito. Da na ga Hamidu, wuyansa ya zama siriri, leɓunansa sun tsattsage. Yana ganina ya rarrafo ya kama zanena yana neman hawa. Allah ya sani hannuna har ya kai ga ɗaukarsa, Inna ta buge shi. Ta zuba mini gero ɗan kaɗan a turmi, ta ce in yi a hankali, in ta ga na ɗaga taɓarya ta wuce kaina za ta karɓe. Malam ya ajiye dokin a gabana, fuska da fuska da turmin. Ya ɓamɓare yaron daga jikina yana ihu yana harbi, ya ɗora shi, ya kwantar da ƙirjinsa a wuyan dokin ya dafe shi da hannu ɗaya. Ya dube ni. Na ɗaga taɓarya, ya tura doki, muka sauka tare.

Ihun ya yanke a tsakiya. Yaron ya yi tsit, idanunsa a buɗe, kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Muka sake. Na ga yatsunsa sun saki, sun sake kama gezar a hankali. Muka sake, muka sake. Sai ya ɗago kai ya dube ni. Tunda ya tashi daga ciwo ƙeyata kawai yake gani in ina daka, bai taɓa ganin fuskata a lokacin ba. Ya dubi taɓarya ta tashi, ya dube ta ta sauka, dukan ya zo masa a ƙirji daidai lokacin, sai ya buɗe baki. Na ɗauka kuka zai koma, ashe dariya ce, wata irin dariya mai kaushi, karkatacciya, wadda ba ta yi kama da tasa ta da ba. Ban taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba. Inna ta matso da ludayi tana cewa, "Haba mijina, haba angona," ya sha, ya sake sha, bai ko dube ta ba.

Can sai na lura dukan dokin ya daina zuwa tare da nawa, yana faɗowa a tsakanin saukar taɓaryata, ɗaya nawa ɗaya nasa, yadda mata biyu ke lugude a turmi ɗaya. Na dubi Malam in ce masa ya ɓata, sai na ga ba shi ba ne. Yaron ne ke tura jikinsa gaba yana ja baya, yana jira in sauke ya ba ni amsa. Hannun babanku yana nan a bayansa, amma bin sa kawai yake yi, ya kasa ɗaukewa. Na zauna da mutumin nan shekaru masu yawa, na ga alherinsa iri-iri, amma a wannan safiyar na san ban ga namiji kamarsa ba, kuma har yau ban gani ba.

"Auta," in ji Inna, "ɗauke hannunka. Ba kai ka tura shi ba."

Ya ɗauke a hankali, ya ɓoye hannun a bayansa. Dokin bai tsaya ba.